Me Ake Yi da Sauron da Ake Kamawa a Ɗakunanmu?

(Wannan jawabi ne da wata ma'aikaciyar lafiya ta sashenmu na taimako ta yi wa wakilan ikilisiyoyin ƙauyuka daga Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, a taron shirin shiga damina. Mun buga shi domin a karanta wa waɗanda ba su samu zuwa ba, musamman a taron Zumuntar Mata da na matasa.)

  Na san waɗanda suka fito daga wajen Riruwai tun da asuba suka bar gida, Allah ya ba da ladan tafiya.

An ce in yi magana a kan zazzaɓin cizon sauro, amma yau ba zan fara da zazzaɓin ba. Da sauron kansa zan fara, da kuma mutanen nan da sukan zo ƙauye da mota, da fararen zannuwa da 'yan kwalabe, su ce sauro suka zo kamawa.

Abin da ya sa na zaɓi wannan magana shi ne wani abu da ya faru a gabana. Wata shekara aka roƙe ni in raka waɗansu ɗalibai masu wannan aiki zuwa wani ƙauye a gefen dam ɗin Tiga. Muka yi sallama a gidan wani dattijo, ɗan ikilisiya ne, na kuma san shi. Ya saurare mu har muka gama, sa'an nan ya ce mini, "'Yata, wanda ya ƙona mai tun daga birni domin ya kwashi mataccen sauro, ba sauro ne ya kawo shi ba." Ya hana mu shiga. Ɗaliban suka ji haushi. Ni ban ji ba, gama na san inda maganarsa ta fito. Mutanen Kano ba su manta da shekarar 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da wani kamfanin magani na Amurka ya gwada sabon magani a kan yara, aka yi shekaru ana shari'a. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle. Baba yana da gaskiya da ya yi tambaya. Laifin namu ne da ba mu zauna muka ba shi amsa yadda zai gane ba. Amsar ce na kawo muku yau.

To, me suke yi in sun shiga ɗaki? Da sassafe suke zuwa, kafin a share ɗaki a buɗe taga. Za a fitar da abinci da ruwan sha da kaji da yara. Sai su shimfiɗa fararen zannuwa a ƙasa da kan gado, su rufe ƙofa, su yi feshi, a jira kamar minti 10. Duk sauron da ya kwana a ɗakin, ya sha jini, ya laɓe a bango ko a jinka ko a bayan kayan da aka rataye, zai faɗo a kan farin zane. Sai a fito da zanen haske, a tsince su ɗaya bayan ɗaya da matsefata. Ranar da na fara ganin wannan, a ɗakin da wata uwa ta kwana da 'ya'yanta uku, na fara ƙirgawa har na gaji na bari. Cikin yawancinsu ja wur. Jinin yaran nan ne.

Akwai kuma tarko mai 'yar fitila da fanka da ake ratayewa kusa da gidan sauro da dare. Akwai masu bin kududdufi da gonar shinkafa da ludayi suna ɗiban tsutsar sauro. Akwai wata hanya mai wuya, wadda mutum zai zauna dare guda ya naɗe wando, duk sauron da ya sauka a ƙafarsa ya zuƙe shi da bututu kafin ya cije shi, yana rubuta lokaci. Ta haka ake sanin ƙarfe nawa sauro ya fi cizo, a ɗaki ne ko a tsakar gida. Kowane sauro da aka kama za a sa shi a 'yar kwalbarsa tare da ƙwayoyin nan masu shanye laima, irin waɗanda kuke gani a ƙunshe cikin kwalin sabon takalmi, a rubuta sunan ƙauye da rana. Daga nan ya tafi ɗakin bincike. Wani a Kano zai tsaya, wani ya kai Legas, wani har Ingila.

Dalilin wannan wahala duka shi ne, abin da muke kira sauro da suna ɗaya ba iri ɗaya ba ne. A duniya akwai iri fiye da 3,000, kuma kaɗan ne cikinsu ke ɗauke da maleriya. Mai kukan nan a kunne, wanda ke fitowa daga kwata da shadda, yawanci ba shi ne mai kawo zazzaɓin ba. Mai kawowa shi ne wanda likitoci ke kira anofilis, kuma macen ce kaɗai ke cizo, domin da jini take yin ƙwai. In ta sauka a bango takan sunkuyar da kai ta ɗaga baya. Tun ranar 20 ga Agusta 1897 wani likitan Ingila, Ronald Ross, ya tsaga cikin sauro a ƙasar Indiya ya ga ƙwayar cutar a ciki. Kafin nan Turawa ma iskar fadama suke zargi, kamar yadda mu muke zargin sabon masara ko mangwaro ko rana. In sauro ta sha jinin mai zazzaɓi, sai ƙwayar ta yi kamar kwana 10 zuwa 14 a jikinta kafin ta iya zuba wa wani. Ku riƙe wannan, gama ma'anarsa ita ce tsohuwar sauro ce mai kisa. In an kashe ta kafin ta tsufa, an tsinke igiyar.

Yanzu bari in kai ku ƙasar Kabi. A 1954, zamanin Turawa, aka fara wani babban aiki na fesa magani a bangon ɗakuna a yammacin lardin Sakkwato, wajen Birnin Kebbi. Ɗaya daga cikin magungunan sunansa dieldrin. Da farko sauro ya yi ta mutuwa, kowa yana murna. Ba a cika shekara biyu ba, a 1955, ma'aikatan da ke kama sauro a garin Ambursa suka ga abin mamaki: ga bango an fesa, ga sauro zaune a kai lafiya lau. Suka gwada shi, suka tabbatar maganin ya daina cin sa. Wannan shi ne karo na farko da aka tabbatar babban sauron maleriya na Afirka ya bijire wa maganin feshi, kuma a ƙasar Hausa aka gano shi.

In ce sauro ya sha tauri, za ku yi dariya, amma ba haka abin yake ba. Ba wai sauro ɗaya ne ya saba da magani a hankali ba. Cikin dubbai, akwai 'yan kaɗan da aka haifa da wani bambanci a jikinsu wanda ke hana gubar kama su. Feshi ya kashe sauran, ya bar su. Su ne suka yi ƙwai. 'Ya'yansu suka gaji abin. Sauro kuwa daga ƙwai zuwa mai fiffike bai fi mako ɗaya zuwa biyu ba a lokacin zafi, don haka a damina ɗaya sai a yi jikoki da tattaɓa kunne. Kowane manomi a nan ya san yadda ake ware zangarniya mai kyau a ajiye domin iri. To, mu da feshinmu muna ware wa sauro iri, ba tare da mun sani ba.

Labarin Ambursa bai ƙare a nan ba. Aka aika da ƙwan sauron zuwa Landan, wurin wani masani mai suna George Davidson. Shi kuma yana kiwon sauro daga wurare dabam dabam na Afirka a cikin keji, yana haɗa na wannan ƙasa da na waccan domin ya ga yadda ake gadon taurin nan. Sai ya lura, waɗansu in an haɗa su, 'ya'yansu maza ba sa haihuwa. Kun san alfadari, ɗan jaki da goɗiya, ba ya haihuwa, domin iyayensa ba iri ɗaya ba ne. Haka aka gane cewa sauron da masana suka yi shekaru suna kira da suna ɗaya, ashe iri dabam dabam ne masu kama ɗaya, ko da madubin likita ba a iya raba su ta fuska. Da ba a ajiye na Ambursa kusa da na waɗansu wurare ba, da ba a gane ba.

Wani zai ce, to in kamarsu ɗaya, ina ruwanmu da bambancinsu? Amsar tana Garki. Ba Garki ta Abuja ba, Garki ta arewa maso gabashin Kano, wadda a lokacin tana cikin Jihar Kano, kafin a yanke Jigawa a 1991. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka yi aiki a can domin su amsa tambaya ɗaya: in an zuba kuɗi da ma'aikata da magani iya iyawa, za a iya tsayar da maleriya a ƙauyen Afirka irin namu? Kafin su taɓa kome sai da suka yi fiye da shekara suna ƙirga sauro dare da rana, suna kuma duba jinin mutane. Suka tarar a wani ƙauye mutum ɗaya yakan sha cizon sauro mai ɗauke da cutar fiye da sau 100 a shekara, mafi yawa a damina. A daminar 1972 da ta 1973 aka fesa wani magani mai suna propoxur a ƙauyuka fiye da 100, kusan ba ɗakin da aka tsallake. A waɗansu ƙauyukan aka haɗa da raba wa kowa maganin zazzaɓi.

Ƙarfin sauro na yaɗa cutar ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100. Amma inda feshi kaɗai aka yi, yawan masu ƙwayar cutar a jini bai ragu ba sai da kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Inda aka haɗa da magani ya faɗi ƙwarai, yara da yawa suka rayu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duk da haka cutar ba ta yanke ba, da aka daina aikin kuma ta komo.

Me ya faru? Wani masani ɗan Italiya, Mario Coluzzi, wanda ya iya raba iren sauron ta wurin duba abin da ke cikin mahaifar ƙwan macen, ya duba na Garki. Ya ga iri biyu ne ke zaune tare, kuma ko a cikin iri ɗaya halinsu ya bambanta, bambancin kuwa na gado ne. Waɗansu in sun sha jini sai su hau bango su huta, su ne maganin ya kashe. Waɗansu kuwa su sha su fice, su kwana a jikin rumbu ko cikin ciyawa ko wajen garken shanu. Feshin bango bai taɓa su ba, su ne suka riƙe cutar. Rahoton Garki ya fito a 1980, har yau masu koyon aikin maleriya a duniya suna karanta shi. Ɗaya daga cikin sauron da ya fi damunmu a nan arewa ma, tun 2013 da sunan wannan bawan Allah ake kiransa, wato coluzzii. Ni dai ban sani ba ko zan so a raɗa wa sauro sunana, amma a wurin masana girmamawa ce.

Ina so dattawa su ga abin da Garki ta koya mana. An yi aiki da gaskiya, an kashe kuɗi mai yawa, amma an kai hari ɗaki alhali wani ɓangaren abokin gaba yana waje. Kun tuna Nehemiya da ya isa Urushalima, a sura ta 2 ta littafinsa. Bai fara kiran magina ba. Da dare ya fita da mutane kaɗan ya zaga garun, ya ga inda ya rushe da idonsa, sa'an nan ya yi magana. Masu kama sauro wannan zagayen dare suke yi mana.

Abu na biyu, sauro matafiyi ne, ba ya kuma neman biza. A 1930 wani masani ya ɗebi tsutsar sauro a garin Natal na ƙasar Burazil, hayin teku, ya ga ai wannan ɗan Afirka ne. Ana kyautata zaton jiragen ruwa masu kai wasiƙu daga Dakar ne suka kai shi. Ba a ɗauki abin da zafi ba sai 1938, da annobar maleriya ta kashe dubban mutane a can. Suka tashi tsaye, gida gida, kududdufi kududdufi, har suka kawar da shi a 1940. Waɗansu daga cikin sauron da aka kama a lokacin an ajiye su a gidajen tarihi. Bayan kusan shekara 70, a 2008, aka ɗauko su aka duba ƙwayoyin halittarsu, aka gane irin nan ne mai suna arabiensis, ɗaya daga cikin biyun da Coluzzi ya samu a Garki. Kun ga mataccen sauro a kwalba yana iya ba da shaida bayan wanda ya kama shi ya daɗe a kabari.

Ba sai da jirgi ba ma. A ƙasar Mali, daga 2013 zuwa 2015, masu bincike na Bamako da na Amurka suka riƙa ɗaga raga mai danƙo da manyan balan-balan zuwa sama da dare, tsayin mita 40 har zuwa 290, a ƙauyuka huɗu. Suka kama sauron maleriya a can sama yana bin iska, yawancinsu mata, kuma yawancin matan sun riga sun sha jini. Lissafi ya nuna a dare ɗaya iska na iya kai shi kusan kilomita 300. Wato wanda ya ciji yaro a Maraɗi ko Damagaram, ba abin mamaki ba ne jikokinsa su kwana a Kiru. A Malin dai aka taɓa shafa wa sauro alama a ƙarshen damina, aka sake kama ɗaya da ranta bayan wata bakwai, da ruwan farko. Tsofaffinmu sukan tambaya ina sauro ke zuwa da rani. Ga alama wani yana ɓuya, wani kuma iska ke dawo da shi.

Akwai baƙo kuma da nake so ku san da shi. Sunansa stephensi, asalinsa Indiya da ƙasashen Larabawa na gabas. A 2012 aka fara ganinsa a Afirka, a Jibuti, ƙasar da ta kusa rabuwa da maleriya. A shekarar masu zazzaɓin da aka rubuta a can ba su kai 30 ba, amma a 2020 sun wuce 70,000. Aka same shi a Habasha da Sudan a 2016, a 2020 kuma aka same shi a Jihar Gombe. Gombe ba nisa ba ce, da yawanku kuna da 'yan'uwa a can. Halinsa ya saɓa wa na gida. Namu yana son ruwan sama da ya kwanta a rana, sawun shanu, ramin da aka haƙa domin tubali, bakin gonar shinkafa. Shi kuwa baƙon yana yin ƙwai a tanki da duro da rijiyar siminti, don haka rani ba ya hana shi. Ba wanda ya gan shi yana shigowa. Cikin sauron da aka tara ana dubawa aka tsince shi.

Mu dawo gida. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, ruwa ba ya yankewa a Kadawa da Kura da Bunkure da gefenmu na Bebeji. Albarka ce, kada wani ya ji ni ya ce na zagi noman rani, gama da shi muke biyan kuɗin makaranta da baiko. Amma inda ruwa ya kwanta shekara duka, sauro ma ba ya hutu. Mutanen Doguwa da Tudun Wada kuma, kusa da dajin Falgore, ruwan samanku ya fi na arewacin jiha yawa, daminarku ta fi tsawo. Saboda haka abin da aka gani a sauron wani wuri ba lalle ne ya zama daidai da naku ba.

A 2009 Kano na cikin jihohin farko da aka raba gidan sauro mai magani gida gida, biyu ga kowane gida. Da yawanku kun karɓa. Iyaye mata sun sha ce mini, "Na dā in kin rataya, da safe sai ki share matattun sauro har da kyankyaso. Na baya kuwa sauro yana zama a kansa kamar ya biya haya." Ba ƙarya kuka yi ba, kuma binciken ya goyi bayanku. Ga yadda ake gwadawa: a ɗebo tsutsa daga kududdufin ƙauye, a rene ta ta zama sauro, a sa mata 20 zuwa 25 cikin bututun da aka shimfiɗa wa takarda mai magani, su yi awa ɗaya, a fitar da su, washegari a ƙirga matattu. In 98 cikin 100 sun mutu, magani yana aiki. In ba su kai 90 ba, sauro ya bijire. Masana na Jami'ar Bayero tare da takwarorinsu na Libaful a Ingila sun yi wannan gwaji da sauron gonakin shinkafa na Auyo a Jigawa, suka wallafa a 2014 cewa DDT da irin maganin da ake sa wa gidan sauro ba sa kashe shi yadda ya kamata. Daga baya suka gwama na arewacin Najeriya da na kudancin Nijar da arewacin Kamaru da Chadi, suka ga matsalar ta game yankin. A Ingila kuma, kusa da Kambirij, an karanta ƙwayoyin halittar sauro 765 daga ƙasashen Afirka 8, aka fitar da sakamako a 2017, aka ga taurin da ya tsiro a wata ƙasa yana iya bazuwa har wata mai nisan dubban kilomita.

Abin da aka gano a jikinsu iri biyu ne. Wani, wurin da gubar ke kamawa a jijiyarsa ne ya canja, kamar an canja kwaɗo, mabuɗi ya daina shiga. Wani kuma jikinsa ne ke narkar da gubar kafin ta yi aiki. Sanin wannan ne ya sa aka ƙera sababbin gidajen sauro. Akwai mai ƙarin sinadarin da ake kira PBO, wanda ke hana jikin sauro narkar da gubar. Akwai mai magani biyu, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi a 2023. Waɗannan sun fi tsada, ba kuma ko'ina ake kai su ba. Masu rabo suna duba sakamakon gwajin sauro ne kafin su ce jiha kaza irin kaza za a kai mata. Wurin da ba a taɓa gwada sauronsa ba, da ƙiyasi za a yi masa. A nan ne maganar Baba ta zo ta tsaya: ƙauyen da ya rufe ƙofa, an yanke masa hukunci ba ya nan.

Kada kuma wani ya fita daga nan ya ce ma'aikaciyar lafiya ta ce gidan sauro ya daina amfani. Ban faɗa ba. Ko maganin ya yi rauni, ragar tana nan tsakanin yaronki da bakin sauro, muddin an ɗinke huji an kuma cusa gefen ƙarƙashin tabarma ko katifa. Cikin kowane mutum huɗu da suka kamu da maleriya a duniya, kusan ɗaya ɗan Najeriya ne, cikin masu mutuwa kuma kusan ɗaya cikin uku, yawancinsu yara 'yan ƙasa da shekara 5. Ba mu da halin ajiye raga a akwati, ko mu kewaye tumatir da ita. Abin da Garki ta ƙara mana shi ne, da bazara in zafi ya kore mu tsakar gida, a kafa sanduna a rataya raga a can ma. Yaran da ke barci a tabarma lokacin hira ko addu'ar dare, a sa su ƙarƙashin raga tun da wuri. In masu raba maganin rigakafin damina na wata wata sun zo, a ba yara har kwana ukun ya cika. Zazzaɓi kuma a gwada jini kafin a sha magani.

Ga iyayena manoma ina da roƙo ɗaya. Maganin ƙwari da muke fesa wa shinkafa da wake da tumatir, da yawansa dangin wanda ke jikin gidan sauro ne. In mun zuba fiye da ƙima, ko muka wanke tankin feshi a kududdufi, tsutsar sauro tana samun horo tun tana ruwa. Masu bincike a ƙasashe da dama sun lura taurin sauro yakan yi ƙarfi a wuraren da ake yawan feshin gona. Fiya-fiya da ake yayyafawa a ɗaki kuma, maganin gona ne, yana cutar da huhun jariri.

In masu kama sauro sun zo, ga abin da nake ba da shawara. Su fara zuwa wurin dagaci ko mai unguwa, su ga fasto da liman, kada su faɗo gida kai tsaye. Ku nemi takardar shaidarsu, ku tambayi daga wace jami'a ko ma'aikata suke. Su yi bayani da Hausa har ku gane. Maigida ko uwargida na da ikon cewa a'a, ba wanda zai hana shi raga ko magani don ya ƙi. Ba a biyan ko kwabo. Kama sauro dabam, ɗiban jini dabam. In sun ce za su ɗibi jini, wannan wata magana ce da ke bukatar yarda ta dabam. In za su ɗauki matasanmu aikin zaman dare, su zama manya, a kuma faɗa musu tun farko maganin da za a ba su da wanda zai kula da su in sun kamu. Sa'an nan ku ce musu su dawo su gaya mana abin da suka gani. A nan ne masu bincike da yawa suke kasawa, ni ma ina faɗa musu a fuska. Ɗaliban da na raka Tiga ba su koma ba, ni ce na koma bayan wata biyu na zauna a zauren Baba muka yi maganar nan da na yi muku. Ya ce in sun sake zuwa su fara da ɗakinsa, amma shi zai riƙe zanen da kansa.

Sakatarorin Zumuntar Mata, in kun ga sauro ya yi yawa a tsakiyar rani a inda ba a saba ba, ko kun ga tsutsa a tanki ko randa, ko sabuwar raga ba ta kashe kome, ku rubuta rana da sunan unguwa ku ba mai bishara ya kawo mana, mu kuma mu kai wa jami'in maleriya na ƙaramar hukuma.

Bayan addu'ar rufewa kada ku yi saurin tafiya. Na ajiye fararen kwanoni biyu a kan benci a bakin ƙofa. Ɗaya ruwan kwata ne daga bayan kasuwa, ɗaya kuma daga sawun shanu na ɗebo shi jiya a hanyar fadama. Ku sunkuya ku duba ba tare da kun girgiza kwanon ba. Tsutsar da ta rataye kai ƙasa, ta sauron kwata ce. Wadda ta kwanta a miƙe a saman ruwa kamar tsinke, ita ce ta maleriya. Ku zo layi layi, iyaye mata tukuna. Baba Fasto, na gama, sai ka yi mana addu'a.